Makahon Gangan da Ɗan Jagoransa a Sama

A Amurka doka ta yarda mutum mai cikakkiyar lafiyar ido, wanda likita ya gwada ya sa masa hannu a takarda, ya tashi da jirgin sama da rana tsaka, gari garau, sannan ya ɗauko wani tabarau da aka dusashe gilashinsa ya toshe ganinsa, ya doshi titin sauka a guje alhali ba ya hango shi. Abin da ta nema daga gare shi shi ne ya zo da wani mutum ya zaunar a kujerar gefensa, wanda aikinsa leƙen taga. Na zauna a kujerar baya na ga ana yin haka da idona, mai tuƙin kuwa ɗan yayata ne. Tun daga ranar nake bin dokar nan layi-layi, kuma ban sami sharaɗi ɗaya a cikinta da zan yarda a cire ba.

Tuƙin jirgi a can yana da doka iri biyu. Akwai ta gani da ido, wadda suke taƙaitawa da VFR, akwai ta dogaro da na'ura, wato IFR. Wanda ya samu lasin tuƙin ƙaramin jirgi na kansa, a ƙarƙashin ta farko yake. Zai ɗauki iyalinsa, zai tsallaka jihohi, zai tashi da dare in ya ga dama, amma tsakaninsa da gajimare sai kallo daga nesa. A yawancin sararin da ƙananan jirage ke bi ƙasa da ƙafa 10,000, dole ya iya hangen mil 3, ya bar ƙafa 500 in yana ƙarƙashin gajimare, ƙafa 1,000 in yana samansa, ƙafa 2,000 in yana gefensa. Gajimare ba ya zuwa da ma'auni a jikinsa, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya a auna shi, saboda haka matuƙi da ido yake ƙiyasta wannan tazara, kuma mai hankali yakan ƙara wa gajimaren fili fiye da abin da doka ta ba shi.

Wanda yake son shiga ciki sai ya nemi ƙarin shaida a kan lasinsa, shaidar tuƙi da na'ura. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, FAA, ta gindaya masa awa 50 na tafiya daga gari zuwa gari yana shugaban jirgi, da awa 40 na tuƙi da na'ura zalla, 15 daga ciki tare da malamin da aka ba izinin koyar da wannan fanni, da doguwar tafiya ɗaya ta mil 250 na ma'aunin jirage wadda zai gwada sauka iri uku a cikinta, da jarrabawar rubutu, da ta baki, da ta sama. A nan batun yake ɗaurewa. Mutum ba zai shiga gajimare yana shugaban jirgi ba sai da shaida, kuma ba zai samu shaida ba sai ya iya tuƙin cikin gajimare. Malami yana da tsada, awa 15 kawai aka wajabta a yi da shi, saura 25 fa? Mafitar da aka samu ita ce ɗalibi ya zo da gajimarensa daga gida, ya ɗaura a fuska.

Gajimaren na fuska iri biyu ne. Akwai wata hula mai dogon baki kamar rumfa, wadda take tare komai sai allon na'urorin da ke gaban mutum. Akwai kuma tabarau da aka dusashe samansa da gefunansa, aka bar ɗan wuri a ƙasa kamar na tsofaffi masu karatu. Kuɗinsa bai kai na man awa ɗaya ba. Da zarar ya hau fuska, duniyar matuƙi ta koma agogo shida da rediyo da takarda a kan cinya.

Abin da ake atisaye a kai shi ne tunkarar sauka. Kowane filin jirgi mai wannan tsari yana da takarda da aka zana hanyar da jirgi zai bi ya iso bakin titi ba tare da ya ga ƙasa ba: daga ina zai shigo, tsayin da zai riƙe a kowane mataki, da abin da zai yi in ya iso bai ga komai ba. Sanannen tsarin shi ne ILS. Wasu na'urori a ƙasa suna harba saƙon rediyo guda biyu, ɗaya yana nuna tsakiyar titi, ɗayan yana nuna gangara, galibi mai karkatar digiri 3. A cikin jirgi allura biyu suke karɓar saƙon, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. In sun haɗu sun yi gicciye a tsakiyar agogo, mutum yana kan hanya. Haka zai yi ta gangarowa, kusan ƙafa 500 a minti a ƙaramin jirgi, har ya kai ƙafa 200 daga ƙasa. A nan zai ɗaga kai. In ya ga titi ko fitilunsa ya sauka, in bai gani ba ya ba jirgi wuta ya koma sama nan take, babu shawara, domin abin da ya rage tsakaninsa da ƙasa bai kai rabin minti ba. Duk wanda ya taɓa yini a filin jirgin Malam Aminu Kano cikin hunturu yana jiran jirgin da hazo ya hana sauka, wannan lissafin ne ya zaunar da shi.

Mai karatu zai iya tambaya me ya sa ake wannan wahala, tunda mutum yana jin jikinsa, ya san sama ya san ƙasa. Mu ne muke cewa jiki magayi. A doron ƙasa haka ne. A cikin gajimare kuwa jiki yana ba da labari da cikakken tabbaci, kuma labarin ƙarya ne. A can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa. In kai ya juya, ruwan ya motsa wasu ƙananan gashi, su kai wa ƙwaƙwalwa rahoto. Amma in juyawar ta zo a hankali, ruwan ba ya lura. In kuma ta daɗe ba ta canza ba, kamar daƙiƙa 20, ruwan ya saba, ya daina kai rahoto. Sai matuƙi ya kasance a karkace yana kewayawa, jikinsa yana rantse masa cewa a miƙe yake. In ya duba na'ura ya gyara, sai ya ji kamar yanzu ne ya karkace, ya mayar da jirgin inda yake. Hancin jirgi ya fara sunkuyawa, gudu ya ƙaru, ya ja sitiyari don ya hau, jan nan kuwa ƙara matse kewayen yake yi. Karin maganar da ke aiki a nan ita ce gani ya kori ji: abin da ido ya gani a kan allura dole ya kori abin da jiki ya ji, kuma wannan ba ya samuwa da karatu, sai da maimaici.

An daɗe kafin matuƙa su yarda da haka. A 1926 wani likitan sojan sama, David Myers, ya zaunar da wani gogaggen matuƙi mai suna William Ocker a kujera mai juyawa a San Faransisko, ya sa ya rufe ido, ya juya shi, ya tambaye shi ina yake fuskanta. Ocker ya kasa faɗa daidai. Ya koma ya sa na'urar nuna juyawa a cikin akwati, ya leƙa ciki aka sake juya shi, sai ya ci jarrabawar. Abokan aikinsa da yawa suka ƙi yarda, suna cewa tsuntsu ai ba ya ɗauke da agogo. Daga baya Ocker da abokinsa Carl Crane suka ɗauki tantabaru, suka rufe musu ido, suka sake su daga jirgi. Tantabarun ma suka rikice. A 1954 Jami'ar Ilinoyis ta ɗauki matuƙa 20 da ba su da horon na'ura, ta sa su a jirgi ƙirar Bonanza, kowanne da malami a gefe, ta toshe musu ganin waje. Dukansu jirgin ya kuɓuce musu. Matsakaicin lokacin da suka ɗauka kafin hakan daƙiƙa 178 ne, ko minti uku bai cika ba.

Ranar 16 ga Yulin 1999, John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban ƙasar, ya tashi daga Niyu Jasi da dare a jirginsa ƙirar Piper Saratoga, da matarsa da yayarta, suka nufi tsibirin Martha's Vineyard. Ya fara karatun shaidar na'ura, bai kammala ba. A takarda yanayin bai saɓa wa dokar gani da ido ba, amma akwai hazo, ga duhu, ga teku a ƙasa babu fitila ko ɗaya da za ta raba masa sama da ruwa. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta ce ruɗewar jiki ce ta sa jirgin ya kuɓuce masa. Su ukun babu wanda ya rayu. Duk sanda na ga wani yana ɗaura tabarau ɗin nan da rana tsaka, wannan daren nake tunawa.

Shi ɗan jagora kuwa tare aka haife shi da sana'ar. Ranar 24 ga Satumban 1929, a filin Mitchel da ke Long Island kusa da Niyu Yok, Jimmy Doolittle ya shiga kujerar baya ta jirgi, aka ja masa rumfar zane ta rufe shi ruf. Ya tashi, ya kewaya, ya dawo ya sauka cikin kimanin minti 15, bai ga waje ba ko sau ɗaya. Shi ne na farko da ya yi haka. A kujerar gaba akwai wani hafsa, Benjamin Kelsey, idonsa buɗe, bai taɓa sandar tuƙi ba. Tsarin dai irin wanda muka sani ne a titunanmu, ɗan jagora a gaba, makaho a baya, sanda tsakaninsu. Bambancin shi ne a jirgi wanda ba ya gani shi ke zaɓar hanya, mai gani yana biye da shi har sai ya ga rami. Hausawa sun ce in makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse. Dutsen da Doolittle ya taka shi ne Kelsey.

Dokar yau tana sashe na 91.109 na dokokin sufurin sama na tarayya, kuma gajeriya ce. Ba a tuƙi da rufaffen ido sai ɗaya kujerar tuƙin tana da matuƙin tsaro. Shi wannan dole ya kasance yana da aƙalla lasin tuƙin jirgi na kansa, kuma na irin jirgin da ake ciki: mai lasin injin ɗaya ba zai yi wa mai injin biyu jagora ba, mai jirgin sauka a tudu ba zai yi wa mai sauka a ruwa ba. Ɗalibin da bai karɓi lasin ba bai isa ba, komai kaifin idonsa. Dole ya iya ganin gaba da gefe biyu sosai, in kuwa wani abu ya tare masa wani ɓangare, a ƙara masa wani mai lura da ya san abin da yake yi. Dole jirgin ya kasance da kayan tuƙi biyu masu aiki, domin jagoran da ya ga haɗari ba shi da abin kamawa, shaida kawai zai zama.

Abin da dokar ba ta nema ba shi ya fi ba mutane mamaki. Ba ta ce ɗan jagora ya kasance yana da shaidar na'ura ba. Mutum biyu da babu mai ita a cikinsu suna iya hawa jirgi, ɗaya ya rufe ido, su yi tunkarar sauka goma a yini, in dai gari a washe yake kuma ba su karɓi izinin tafiya a ƙarƙashin dokar na'ura ba. Hikimar a fili take. Ba don ya koyar aka zaunar da shi ba, kuma ba don ya karanta takarda ba. Wata doka daban ta ɗora wa kowane jirgi nauyin ya ga ɗan uwansa ya kauce masa muddin yanayi ya ba da dama. Mai tuƙi ya ajiye idonsa na ɗan lokaci, dole wani ya riƙe masa.

Sai batun lafiya. Tunda doka ce ta wajabta zamansa, ɗan jagora ya zama ma'aikacin jirgi, ba fasinja ba, don haka yana buƙatar shaidar likita. A 2017 aka buɗe wata hanya mai sauƙi da ake kira BasicMed, wadda ta ba masu ƙananan jirage damar ganin likitansu na gida maimakon likitan hukuma. Amma yadda aka rubuta ta, shugaban jirgi kaɗai ta shafa. Sakamakon haka, na tsawon shekara biyar, mutumin da ke kan wannan tsari yana da lafiyar da zai ɗauki alhakin jirgi da rayukan da ke ciki, amma ba shi da lafiyar da zai zauna a gefe ya leƙa wa abokinsa taga, sai fa in sun yarda tun a ƙasa cewa shi ne shugaba. A ƙarshen 2022 hukumar ta gyara wannan.

Maganar shugabanci kuwa tana da nata lissafin, kuma matuƙa suna ɗaukarsa da muhimmanci saboda awa ita ce jarinsu. Jirgi shugaba ɗaya yake da shi. Amma rubuta awar shugabanci a kundi wata doka ce daban. Mai rufaffen ido yana rubutawa domin shi kaɗai ke riƙe da sitiyari. Ɗan jagora, in sun amince kafin tashi cewa alhakin jirgin a wuyansa yake, shi ma yana rubutawa, amma na mintocin da tabarau ke kan fuskar abokinsa kaɗai. Da an cire tabarau, agogonsa ya tsaya. In bai karɓi alhakin ba, awar mataimaki zai rubuta. In ya karɓa, to dole ya cika duk sharuɗɗan shugaba na wannan jirgi, kuma in wani abu ya faru shi za a tambaya. Shi ya sa nake ganin wannan magana ba ta cikin iska ba ce. A tsaya a gindin fiffike a gama ta, kowa ya ji da kunnensa.

Akwai kuma wanda ba shi da aboki a ranar. Shi ma doka ba ta hana shi bin hanyar da ke takarda ba. Zai iya kunna na'ura, ya bi allura, ya gangara har bakin titi shi kaɗai, muddin idonsa a buɗe yake yana duban waje. Sai dai ba zai rubuta ko minti ɗaya a matsayin tuƙi da na'ura ba. A nawa ganin wannan shi ne wuri mafi santsi a duk batun, domin allura tana da jan ido. Mutum zai ce leƙe ɗaya zai yi mata, ya ɗago ya tarar ya yi rabin minti kansa a sunkuye, jirginsa yana cin fiye da mil ɗaya da rabi a minti, a kan layin da kowane jirgi mai son sauka yake nema.

Ranar da na bi ɗan yayata, Asabar ce da safe, a wani ƙaramin fili. Jirgin Cessna 172 ne, kujera huɗu, tsoho, cikinsa yana warin mai da zafin roba. Abokinsa Ba'amurke ne da suka yi makaranta tare, shi ma ba shi da shaidar na'ura. Kafin mu shiga suka tsaya suka raba aiki: wa ke shugabanci, wa ke rediyo, wace kalma in an faɗe ta za a cire tabarau ba tambaya. Sannan ya juyo gare ni.

“Kawu, in ka ga wani jirgi, ko nesa ne, ka faɗa. Kada ka ce ai sun gani.”

“In na ga titin fa?”

“Shi kada ka gaya mini, Kawu. Shi ne abin da na zo nema.”

Da muka kai tsayin da suke so, ya ce wa abokin jirgi yana hannunka. Abokin ya ce yana hannuna. Shi kuma ya sake cewa yana hannunka. Sau uku ake faɗa, haka ake koya musu, domin an taɓa samun jirage da kowane ɗaya cikin mutum biyu ya ɗauka ɗayan ne ke tuƙi. Ya sa tabarau, ya gyara shi a ƙarƙashin abin sauraron da ke kunnensa, suka sake yin sau ukun a juye. Daga nan wuyansa ya daina motsi. Idonsa kaɗai ke yawo daga agogo zuwa agogo, yana komawa kan na tsakiya mai nuna layin da sama ta haɗu da ƙasa.

Abokin ya kira jami'in kula da zirga-zirgar jirage a rediyo, ya faɗi lambar jirgi da inda muke, ya ce muna neman tunkarar ILS ta atisaye, a ƙarƙashin dokar gani da ido. Kalmar atisaye ba a barin ta, domin jami'in bai san abin da ke rubuce a lasin kowa ba, kuma ba aikinsa ba ne ya tambaya. In ya ba da izinin tafiya da na'ura, mara shaida ya karɓa, laifin na wanda ya karɓa ne. Jami'in ya amsa cewa an yarda da atisayen, mu ci gaba da kiyaye dokar gani da ido. A wasu wurare yakan raba jirgin atisaye da sauran jirage, a wasu kuma yakan faɗa ƙarara cewa ba zai yi wannan hidimar ba. Ko wanne ya faɗa, bai ɗauke wa ɗan jagora aikinsa ba.

Ba a jima ba aka ga amfanin hakan. Jami'in ya ba mu wata fuska mu bi, kuma a kan wannan fuskar, daidai tsayinmu, akwai wani ɗan curin gajimare shi kaɗai, fari tas kamar audugar da aka shiƙa. Na'urar jami'in ba ta nuna masa irin wannan. Ɗan yayata ba ya ganinsa, shi da yake atisayen shiga gajimare. Doka kuma ta hana shi kusantarsa da ƙasa da ƙafa 2,000. Abokin ya ce masa karkata dama digiri 20, ya gaya wa jami'in cewa ba za mu iya bin waccan fuskar ba saboda gajimare, jami'in ya ba da wata. Muka wuce shi ta gefe. Da ɗan jagoran ya shagala da kallon allura a wannan minti, da mun shige ciki mu uku babu mai izini, ɗaya kuma sanye da tabarau na kwaikwayon abin da ya riga ya same mu.

Wannan shagalar ita nake tsoro fiye da komai, domin ɗan jagora shi ma ɗalibi ne, yana son ya ga yadda abokinsa ke yi, yana son ya gyara masa. Da ya sunkuya, jirgin ya koma na makafi biyu. Na kuma lura da wani abu da doka ba za ta iya rubutawa ba: aboki ba malami ba ne. In mutum ya fara tara awa da aboki kafin malami ya kafa masa yadda ake zagaya ido a kan agogo, kuskurensa zai yi ta maimaitawa har ya zauna masa a hannu, daga baya ya biya malami kuɗin cire shi. Tabarau ɗin ma ba gajimare ba ne. Rana tana shigowa ta gefe, inuwa tana tafiya a kan allo tana gaya wa mutum cewa ya juya, ƙasa tana ɗan leƙowa ta ƙasan gilashi. Dokar ta ce awa 40 na gaske ko na kwaikwayo, wato mutum zai iya karɓar shaidarsa bai taɓa shiga gajimare ba ko sau ɗaya. Na gaya wa ɗan yayata, kuma ina gaya wa duk wanda ke wannan karatu, ya nemi ranar da gari ya lumshe ya ɗauki malaminsa su shiga na gaske, kada ranarsa ta farko a ciki ta zama ranar da yake ɗauke da iyalinsa.

Muka kama layin titi. Daga kujerar baya ina hango shi tun daga nesa, baƙi, a miƙe, da fararen layuka a bakinsa. Abokin yana ganinsa. Mutumin da ke yankan ciyawa a gefen fili yana ganinmu. Mai tuƙi kaɗai ne bai san inda yake ba sai ta bakin allura biyu. Ta tsaye ta fara zamewa hagu, domin iska tana tura mu. Ya bi ta da ƙarfi, ta tsallake zuwa dama. Na ji abokin ya ja numfashi zai yi magana, ya fasa, ya mayar da idonsa waje. Ɗan yayata ya rage gyaran, digiri biyu, ya jira, digiri biyu, allurar ta dawo a hankali. Gumi ya jiƙa bayan rigarsa. Abokin ya ce akwai jirgi a ƙarfe biyu, ƙasa da mu, yana nisanta, ina ganinsa, ci gaba. Da fuskar agogo suke kwatanta wuri, sha biyu gaba, uku dama, tara hagu.

Tun kafin mu fara gangara sun riga sun nemi izinin abin da za su yi a ƙarshe, domin wanda ke atisaye da dokar gani da ido ba a ba shi damar bin hanyar fasa sauka da ke takarda kai tsaye, sai ya roƙa an amince. A filayen da babu hasumiya kuwa, inda matuƙa ke sanar da juna da bakinsu, ana son mai atisaye ya faɗi inda yake da harshen da kowa zai gane, mil nawa, ta wace kusurwa, tsayi nawa. Sunayen wuraren da ke takardar na'ura haruffa biyar-biyar ne, ɗalibin da ke kewaya fili a satinsa na uku bai taɓa jin su ba.

Ƙafa 500, in ji ɗan yayata. Ƙafa 300. A 200 abokin ya ce ɗaga kai. Ya ture tabarau zuwa goshi. Titin yana gabanmu, ɗan hagu kaɗan, kusa sosai har ina ganin baƙin sawun tayoyi a kansa. Ya dube shi kamar daƙiƙa ɗaya, ya tura maƙurar mai har ƙarshe, hancin jirgi ya ɗaga, ya ce wa abokin yana hannunka, yana hannuna, yana hannunka, ya mayar da tabarau. Sau huɗu suka yi haka kafin mu sauka.

A ƙasa, a inuwar fiffike, ya buɗe kundinsa a kan cinya. Doka ta ce a rubuta wurin da aka yi kowace tunkara, da irinta, da sunan matuƙin tsaro. Ya rubuta awa ɗaya da ɗigo biyu a gurbin kwaikwayo, ya rubuta sunan abokin harafi-harafi, ya ƙirga abin da ya rage masa cikin arba'in ɗin.

“Saura sha ɗaya, Kawu.”

Abokin ya karɓi tabarau ɗin, ya goge ɗan wurin da ake gani ta ciki da bakin rigarsa, ya sa a aljihu. Gobe shi ne zai rufe ido.